Ranar da na mayar da matata ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na yi bankwana da aurena a wani asibiti a Yelwa, alhali babu abin da ya sami auren.

Matata Rabi ta haihu, ta zubar da jini sosai. Daga tungarmu ta masunta kusa da Wara muka ɗauko ta a kwalekwale, sannan mota. Likita ya ce sai an ƙara mata jini. Ni kuwa mutum ne mai wasiwasi (alwala ɗaya nakan sake ta sau uku). Ina zaune a benci tunani ya faɗo mini: idan nono yana haramta aure tsakanin waɗanda suka sha tare, ina ga jini? Nawa ya shiga jikinta, ai ta zama ƙanwata.

Ban tambayi kowa ba, don kada a ce mini haka ne hannuna ya ƙi miƙuwa. Aka cika leda da jinina ina hawaye. Nas ɗin da ta ɗiba ta ce, "Malam, ƙato da kai, allura kake yi wa kuka?"

Da la'asar Rabi ta farfaɗo. Na shiga ɗakin mata, na tsaya nesa da gado kamar baƙo. A gaban Innarta (surukar da ko ido ba ma haɗawa) na ce, "Rabi, ki yafe mini. Daga yau ke ƙanwata ce. Gara ki rayu a gidan wani da in binne ki a nawa."

Inna ta ce, "Wane gidan wani, ɗan nan?"

Na yi bayani dalla-dalla. Ɗaki ya ɗauki dariya, har wata da aka yi wa ɗinki a ciki tana roƙon a yi mata rai.

Nas ta ce, "Naka ma bai dace da nata ba. Yana firji, ya maye gurbin wanda muka saka mata."

Na ce, "To na wa aka saka mata?"

Nan Inna ta rufe fuska da gyale ta fita, don kada in ga dariyarta.

Rabi dai ba ta yi dariya ba. Ta yafito ni, ta kamo bakin rigata ta ce a hankali, "Kuma duk da haka ka bayar?"

Daga baya limaminmu ya ce hukuncin na nono ne kawai. Har yau in Rabi na son tsokanata, "Yaya" take kirana. Ni kuma na koyi in kai wa malam tambayata tun kafin in yanke fatawa a ɗakin masu jego.