Ranar da Na Kai Ƙarar Littattafai

Ba zan taɓa mantawa da akwatin littattafan da aka kawo mana lakkol ta Tanut, wato makarantar boko, ba. Ko na so in manta ma, akwai tsofaffi a garin da har yau ba su yarda ba.

Ƴan shekaru ne bayan samun ƴancin kai. Ni ƙaramin malami ne a lokacin, karatuna bai wuce satifika ba, sai ɗan horon da aka yi mana a Damagaram. Abin da na rasa a karatu na cike shi da tsari. Ajina ba a shiga sai a layi, gajere gaba, dogo baya. Alli da wurinsa, tsumma da wurinsa, bulala ma da ƙusarta. (Matata takan ce ko tuwo nake ci daga dama nake farawa in bi da shi hagu. Ba ta yi ƙarya ba.)

Bayan kaka sai babbar motar Damagaram ta sauke mana akwatin katako, saƙo daga Yamai. Tsofaffin littattafan Faransanci ne da aka sake bugawa: na adabi, na tarihi, da na dabarun koyarwa, don malamai su ƙaru. Darakta, wato shugaban lakkol, Mushe Abdu (a wajenmu "Mushe" ake kiran malamin boko, daga Faransanci), dattijo ne mai ciwon ido. Bai ko leƙa ba ya miƙo mini mabuɗin ɗakin ajiya, ya ce, "Kai ne mai tsari, ka kula da su." A kwanakin ne kuma labari ya bazu cewa za a buɗe sabuwar lakkol wajen Belbeji, sufeton makarantu zai zo ya zaɓi wanda zai riƙe ta. Ni kuwa a raina na riga na zaɓi kaina.

Na farko na wanke hannu. Na biyu na jera littattafan bisa tsawo. Na uku na ɗauki na tarihi na buɗe. Shafukan a haɗe suke. Ba manne su aka yi ba, takardar ce a naɗe ta sama da ta gefe, ba a raba ta ba. Ka karanta shafi biyu, in ka juya sai wasu da yawa su tafi tare, a rufe kamar jaka. Na duba wani, haka. Na duba wani, haka. Ni dai littafin da na sani iri biyu ne: na ƴan aji, wanda ke buɗewa lafiya, da na mahaifina, warƙa-warƙa a cikin gafaka. Wannan ba ya cikin ko ɗaya. Nan take na yanke hukunci: ba a gama aikinsu ba, ruɓaɓɓun da aka rasa inda za a kai ne aka turo mana.

Duk da haka na gwada karantawa, iyakar shafukan da ke buɗewa. Tarihin ya zo mini a guje. Wani sarki ya hau gadon mulki a ƙasan shafi, ina juyawa na tarar ana binne shi. Na yi masa addu'a, na ce Allah sarki, bai ko sha ruwan sarauta ba.

Ina cikin haka Laminu ya leƙo. Laminu ɗan kawuna ne, taubashina, shi ke koyar da babban aji, kuma ya fi ni karatu, abin da ban taɓa yafe masa ba. Ya ɗauki littafi ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Bawana, kawo wuƙa in yanka maka."

"Ka yanka me?"

"Littafin mana. Haka ake yi."

Mutumin da ya taɓa sa mini ƙadangare a aljihu ranar ɗaurin aurena, shi ne zai ce in sa wa kayan gwamnati wuƙa ana gab da zaɓen darakta? Na fizge littafin na ce, "Ka je ka yanka na ubanka." (Ubansa kawuna ne, Allah ya jiƙansa, kuma a wasan taubasai ma na wuce gona.) Laminu ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce, "Wallahi da gaske nake." Na ce ai ranar ƙadangare ma wallahi ya ce. Na mayar da littattafan akwati, na buga ƙusa, na kulle ɗaki. Duk malamin da ya tambaya, amsa ɗaya ce: ana bincike.

Darakta ban gaya masa ba, don ina son sufeto ya ji daga bakina, ya san akwai mai ido a Tanut. Amma iyayen yara na ɗan tsegunta musu a bakin masallaci, cewa Yamai ta raina mu.

Ranar da sufeto ya zo, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar aduwa ta tsakar lakkol. Ga darakta, ga malamai, ga iyayen yara, har da wasu Buzaye da suka zo cin kasuwa suka tsaya kallo. Sufeton mutumin Damagaram ne, siriri, mai magana a hankali. Da ya gama zagaya azuzuwa ya tambaya ko akwai mai magana, na miƙe, na sa aka jawo akwatin, na gyara wuyan riga.

"Mushe sufeto, magana uku ce. Na farko, an aiko mana da littattafai, mun gode. Na biyu, littattafan ba a gama su ba, shafukansu a rufe suke. Na uku, muna tambaya: don muna nan ƙasar Damargu ne? Da lakkol ta Yamai ce, za a kai mata irin waɗannan?"

Iyaye suka ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce, "Faɗa masa, Mushe!" Daɗi ya kama ni, na ƙara ta huɗu da ba ta cikin shiri. Na ɗaga littafin tarihi na ce ga shaida, sarki guda an naɗa shi an binne shi a juyi ɗaya.

Sufeto ya karɓi littafin ya duba sama da gefe. Bai yi dariya ba, wannan kam na yaba masa. Ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai wuƙa?" Wani Buzu ya zaro ta damtsensa ya miƙa. Sufeto ya kwantar da littafin a gwiwa, ya zura bakin wuƙar cikin naɗin takardar.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na dai ga hannuna a kan wuyan hannun sufeto, ina cewa da ƙarfi, "Kayan gwamnati ne!"

Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya ce, "Mushe, na sani. Ni gwamnatin ta aiko."

Na saki. Wuƙa ta bi takarda, ƙyat, shafuka suka buɗe fes, rubutu cike. Ya juya ga iyaye ya yi musu bayani da Hausa: irin waɗannan littattafai haka suke fitowa daga wurin bugu, a Yamai ma haka, a ƙasar Faransa ma haka. Mai karatu shi ke raba shafukan da kansa, shi ne alamar sabo ne, ba wanda ya riga ka. Sannan ya karanta sabon shafin a ransa, ya ce, "Sarkin naka kuwa ya daɗe. Ya yi yaƙe-yaƙe, ya gina birni, har ya ga jikoki. Duk suna nan ciki."

Daga bayana na ji wani abu kamar kukan akuya. Laminu ne ya cusa hula a baki.

"Tun yaushe akwatin yake nan?" in ji sufeto.

"Tun kaka, Mushe."

"Wato tun kaka ba wanda ya karanta ko ɗaya."

Dattijon da ya ce in faɗa masa ya tashi ya kaɗe riga, ya ce shi ya tuna yana da aiki a gida.

Lakkol ta Belbeji Laminu aka ba. Ni aka bar mini mabuɗi da akwati, da umarnin in buɗe shafukan duka kafin damina. Na yi, bisa tsawo, dogo ne farko. Tun da ba a yanka shafi ido a rufe, sai na riƙa karantawa, har na gane a cikin na dabarun koyarwa cewa bulalar da nake ji da ita ba ta samu ko layi ɗaya na yabo ba. Yara kuwa suka sa mini suna Mushe Na Uku, kuma sunan ya bi ni har na bar aiki.

Da Laminu ya zauna a Belbeji ya aiko mini da tsaraba ta hannun wani mai raƙumi: ƴar wuƙar katako, an sassaƙa ta da kyau, da saƙon baki cewa bawansa ya riƙa hankali kada ya yanke. Tana nan a teburina, a wurinta, dama da tawada.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tara jama'a ka kai ƙarar Yamai, ka fara tambayar na kusa da kai. In kuma na kusan taubashi ne, to ka saurare shi duk da haka, amma ka riƙe bakin aljihunka.