Ƙaramin Faifan Injiniya Ɗalha

Allah ya yi wa Soron Ɗinki baiwa da mutane, amma da ya zo kan Injiniya Ɗalha sai ya ƙara mudu. Ba a san makarantar da ta ba shi injiniyancin ba, kuma ba a tambaya, don rashin ladabi ne. Ya isa hujja cewa in wayar tsohuwa ta ƙi magana shi ke kashe ta ya kunna, ta tashi. Abokan zamansa na ce masa Farfesan Zaure. Yana amsawa.

Laftof ɗin gidansa ta matarsa Husaina ce, tana rubuta kundin kammala digirinta a ciki, amma jakar a kafaɗarsa take kwana, har ɗaurin aure. Da laftof ɗin ta fara nauyin aiki, aka sa mata sabon faifan ajiya mai sauri, wanda ake kira SSD, aka kwashe komai daga tsohon faifan aka zuba a ciki, aka cire tsohon. Sai ya zamana wani ɗan ƙaramin faifai da ke cikin na'urar, wanda dā aikinsa taimaka wa tsohon ya yi hanzari, ya rasa abin yi.

Injiniya bai iya ganin zaman banza a wurin wani ba. Ya sanar cewa ranar Asabar bayan la'asar zai wanke ƙaramin faifan, ya mai da shi Babbar Taskar Bayanai ta Unguwa. Da ranar ta zo, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya sa babbar riga.

"Jama'a," in ji shi, "abin da za ku gani yau, a Turai ma sai an tara kwamiti. Ni kuwa da yatsa ɗaya."

Daga bayan ƙofa Husaina ta ce, "Malam, bari in kwafe aikina a filash tukuna."

"Hajiya, likita yana tiyata ba a riƙe masa hannu."

Ya soka filash ɗinsa, ya tada na'urar daga can. Allo ya nuna faifai biyu: ɗaya lamba sifili, ɗaya lamba ɗaya. Girman kowanne na rubuce a gefe da ƙananan haruffa, amma tabaransa na aljihu, kuma tabarau yana tsufar da mutum a gaban jama'a. Ya dogara da basira.

"Ku lura. Babba shi ne na ɗaya, ko a gida ko a ofis. Wanda ba kowa ba shi ake ba sifili. Ilimi ke nan."

Ya zaɓi sifili. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya yi dariya, ya juyo ga mutane.

"Kun ji? Ni take tambaya."

Ya danna. Aka yi tafi, har wani dattijo ya sa albarka.

Da aka sake kunnawa, allo ya yi baƙi, da layin Turanci guda a sama. Ya kashe ya kunna. Ya kuma. Ya hura iska a ramin caja. Na'ura dai ba ta san girma ba: sifilin shi ne babban faifan, wato sabon, kuma kundin Husaina, babi huɗu, ya tafi tare da hotunan sunan 'yarsu.

"Wannan," in ji Injiniya, murya ta ɗan sirance, "shi muke kira tsabtacewa ta gaba ɗaya. Yanzu ko ƙwayar cuta babu."

Zaure ya watse ba sallama.

Husaina ba ta ɗaga murya ba. Washegari ta kai na'urar aka sa mata sabuwar manhaja, ta biya wurin malaminta na jami'a ta karɓo kwafin takarda da ya yi wa gyara da jan biro. Ta dire shi gaban mijinta.

"Malam, ka ce da yatsa ɗaya kake aiki. Bismillah. Daga shafin farko."

Yanzu in ka bi ta zauren da hantsi za ka ji ƙwas, shiru, ƙwas. Injiniya ne ke neman harafi. Duk shafin da ya gama, Husaina na adana shi a babban faifai, ta ajiye kwafi a ƙaramin.

Ƙaramin faifai dai ya samu aikin yi. Shi ma Injiniya, karon farko tun da muka san shi, ya samu.