Gyaran Kujera a Sararin Sama

Shekara ashirin ina jan motar haya tsakanin Rano da Kibiya. Don haka da ƙanena Sadisu, matuƙin ƙaramin jirgi, ya ce zai ɗaga ni in ga gonakin Fassi daga sama, ban ga abin da zai koya mini ba. Yana bayani ina hamma.

Mun daidaita a sama ke nan bayana ya fara ciwo. Na duba tsakanin kujerunmu, sai ga wani ɗan faifai, sak irin wanda nake murzawa a motata in kwantar da kujera. Na murza shi baya, kujera ba ta motsa ba. Na ce tsatsa ce, na ƙara masa ƙarfi.

Sai hancin jirgi ya ɗaga, gonaki suka ɓace. Sadisu ya danne sitiyari, yana mayar da faifan gaba da ɗaya hannun.

"Yaya, me ya kai ka?"

"Kujera nake gyarawa."

"Wannan shi ke juya ɗan fiffiken da ke wutsiya, jirgi ya tsaya daidai ba sai na yi kokawa da shi ba. Ɗora hannunka a cinya."

Yaron da na goya a bayana fa.

Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce to. Kafin Juma'a labari ya kai har ƙauyen Saji. Har yau a tasha, ko hannu na kai gefen kujera, sai in ji wata tsohuwa daga baya: "Malam direba, mu dai Kibiya za mu, ba sama ba."