Ban-ruwan Rediyon Alhaji

Wani ne a Kalgo, manomin albasa, mai bakin da ya fi gonarsa faɗi. Cika-bakin nan ya ishi matarsa Ladi, ta yi yaji zuwa gidan ubanta, Alhaji Jibrin. Gogan ya je biko sau uku, Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Hankalinsa na kan rediyon da ya sayo a Makka, wanda ke cinye batir huɗu duk mako, ga batir na wuya a garin.

Manomin ya ga ƙofa. Ya ce ai shi a Gwandu ya ga rediyo na aiki da batirin mota, wata da watanni ba ya shiru, kuma shi ya san sirrin. Alhaji ya ce to, a gani.

Alhali gogan bai san komai ba. Washegari ya shiga mota sai Gwandu, wajen Hamidu mai gyaran rediyo. Hamidu ya ji ɗan lambu ne, sai ya yi kuskuren yi masa bayani da abin da ya sani. Ya ce wutar lantarki kamar ruwa take, batir ne rijiya, waya ce hanyar ruwa. Amma dole waya biyu, wuta ta tafi ta ɗaya ta dawo ta ɗaya. Kuma batirin mota ƙarfinsa sha biyu, rediyo shida yake ɗauka. Ya ɗaura wata 'yar aba kamar ƙwayar gyaɗa a tsakiyar waya, ya ce ita za ta matse wutar ta rage ta. Ya nuna masa inda zai maƙala kowace waya.

“Ka gane?”

“Haba malam, shekara ashirin ina ban-ruwa. Ni za a koya ma ruwa?”

Ya saɓi tsohon batir ya koma Kalgo. Bayan la'asar rabin unguwa na ƙofar gidan Alhaji, Ladi na leƙe ta zaure. Ya ɗora rediyo a tabarma, ya maƙala waya ɗaya, ya cusa ɗayar a aljihu. A lissafinsa, ruwan da ya shiga albasa ba ya komawa rijiya, wayon 'yan Gwandu ne kawai don a sayi waya biyu.

Ya murɗa. Shiru.

Ya yi murmushin masana, ya ce laifin wuri ne, ruwa ba ya hawa tudu. Ya sa aka kama masa aka ɗora batir a kan katanga, rediyo a ƙasa. Ya bi wayar yana tatsa da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Ya murɗa. Ko tari rediyon bai yi ba. Wani tsoho ya tambaya ko a kawo guga, jama'a suka fashe da dariya, har da Ladi a zaure. Wannan ta cikin zauren ita ta fi yi masa ciwo.

Dole ya zaro waya ta biyu ya maƙala. Ikon Allah, sai ga muryar Kaduna tangaran, ana gaishe-gaishe. Alhaji ya gyara zama, karon farko ya dube shi da fara'a, har ya tambaye shi ya albasa. Aka ga Ladi ta shiga ciki tana ɗaure kayanta.

Da mai hankali ne, da nan ya yi godiya ya riƙe bakinsa. Ina. Yabo ya hau masa ka. Ya ce wannan somin-taɓi ne, rabin wutar ma ba ta isowa. Ya nuna 'yar ƙwayar gyaɗar nan.

“Kun ga wagga? Ita ta toshe hanya. Mu in mun ga datti ga hanyar ruwa, hidda shi mukai.”

Ya sa haƙori ya cire ta, ya murɗe wayar baki da baki.

Rediyo ya yi wata ƙara ɗaya da sai da jakin maƙwabta ya amsa. Daga nan ya yi fat. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, ƙauri ya cika ƙofar gida. Ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san daga inda rediyon nan ya zo. Ladi ta fito da ƙunshinta a ka, ta tsaya, ta sauke shi a hankali.

Alhaji ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan ya tambaya cikin sanyin murya ko a Gwandu ma haka ake yi.

Gogan ya share zufa, ya durƙusa.

“Alhaji, kak ka damu. Sabon dashe na. Haka shike, sai ya yi yaushi kahin shi kama.”

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce wa Ladi ta mai da kayanta ɗaki.

“Madalla. Ran da yak kama, ka zo ka ɗau matakka.”