Gishirin da Kaka ta shanya

"Lafiya lau, Kaka. Ina kwanan matata mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, makaho. Shigo, mijin da bai taɓa saya mini ko ɗankwali ba."

Kassim ma'aikacin lafiya ne. Kakarsa ce ke yin girkin gidansu na Birni tun da cikin matarsa Rahina ya tsufa, kuma saboda cikin nan ne ya kawo gishiri mai sinadarin iyod mako guda da ya wuce. Yau ya tarar da rabinsa a baje kan faifai, rana tana dukansa. Al'ada abin girmamawa ce, amma wanda ya riƙe ta bayan dalilinta ya wuce, ɓarna yake yi da kyakkyawar niyya.

"Wa ya aike ki shanya wannan?"

"Damina ce. Kullum sai na fitar da shi. Ina shanya gishirin Manga don kada ya dunƙule tun ubanka yana yawo ba wando."

"Wannan ba ya dunƙulewa. An sa masa wani ɗan gari mai hana ƙwayoyinsa mannewa idan sun sha danshi."

"Gishiri da ɗan rakiya! Kamar kai, da ba ka iya zuwa kasuwa sai matarka ta raka ka."

"Abu na biyu da aka sa masa shi ne iyod, mai hana maƙoƙo, mai gina ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Rana da iska kuwa korarsa suke yi."

"Yanzu na gane abin da ya same ka. Uwarka ba ta ci ba."

Kassim ya ciro 'yar kwalbar gwaji ya ɗiga ruwanta a ragowar gishirin da ke rufe cikin leda. Nan take ya yi shuɗi kamar an rina shi da baba. Ya ɗiga a na faifai, launin da ƙyar ya fito.

Kaka ta dubi ɗakin Rahina.

"Da wannan na ciyar da ita mako guda?"

Ya ji tsoro na gaske a muryarta, sai ya sassauta tasa.

"Mako guda bai ɓata komai ba. Ki zuba na leda a gwangwani mai murfi, ki ajiye a inuwa."

Ta yi haka a gabansa, ta danne murfin da tafin hannu. Sannan ta fashe da dariya, ta miƙa masa faifan.

"Ungo, angona, wannan naka ne. Kai ba sauran abin da za a ceto a kanka."