Ranar da Murgo Ya Ƙi Haushi

"... da ban gajiya, sarkin maharba! Lale marhabin da dodon aladu! Ina kofin? Ko sai an ɗauko shi a babbar mota?"

Zagorka ce ke zuba wannan kirari daga kan bencin ƙofar gidanta da yammacin Lahadi, tana ɓarar wake a kwando. Tsohuwa ce wadda haƙoranta suka yi ta ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, harshen kaɗai ya ƙi ritaya. Wanda ake wa kirarin kuwa jikanta ne Obrad, direban tirela a ƙasar Ostiriya, da ya ɗauko hutu takanas saboda gasar karnukan farauta da maharban garinsu Jagubitsa ke yi Asabar da Lahadi in dusar ƙanƙara ta narke. Ya sauko daga mota da taɓo har gwiwa, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Karensa Murgo na biye da shi a igiya, yana kaɗa wutsiya sai ka ce shi ya ci.

A wurin tsohuwar karen nan ya yi hunturu. Kafin su tafi gasar, Obrad ya yanke hukunci a gabanta: in Murgo ya ci, akwai Ba'italiyen da zai saye shi, in ya faɗi, Tihomir mai injin katako yana neman karen da zai ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa. Ta ce masa ko a kogi ya jefa shi ba ruwanta. Tun ranar abinci bai yi mata daɗi ba, amma ta gwammace ɗan haƙorin da ya rage ya fita da a ji wannan a bakinta.

"Tsohuwa, ki rabu da ni yau. Kaina ciwo yake."

"Kai ne da kai? Yaushe ka saya? Zauna, angona, ka ba ni labari. Ka san ni baƙauya ce, ban san yadda ake cin gasar manya ba."

"Kin sani sarai. Rabin garin nan sun kira ki a waya."

"Maƙwabciyata Desanka ce kaɗai ta kira, ita ma dariya ta hana ta magana. Na ɗauka aljanunta ne suka tashi."

Obrad ya zube a kan benci, ya ɗaure igiyar a ƙafarsa.

"Daji ne aka kewaye da waya. A ciki akwai aladen daji, ƙato, Janar suke kiransa, hauren nan kamar lauje. A saki karenka, ya bi sawu ya nemo shi, ya tsare shi da haushi har alƙali ya busa usur. Shi ke nan."

"Haushi kawai? Ai da ni ka kai. Da ka dawo da kofi biyu."

"Ke ai Janar zai gani ya haura waya."

"Da ya nuna yana da hankali. Kakanka bai gudu ba, ka ga yadda ya ƙare. To, sai aka saki namu."

"Jiya Asabar aka yi ta tankaɗe da rairaya, ba a zo kanmu ba. Na kwana ina cika baki a gaban mutane. Na ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Na ce wa Ba'italiyen nan ya tanadi aljihu. Yau da safe aka kira sunana."

"Ka miƙe kana tafiyar nan taka ta agwagwa."

"Na kwance shi. Tsohuwa, kin taɓa ganin kibiya? Ko shinshina ƙasa bai tsaya yi ba. Karnukan da ake ji da su sai sun yi ta kewaye daji, shi kuwa kai tsaye ya nufi inda Janar yake kwance. Alƙalai suka miƙe tsaye a kan dakali. Wani tsohon maharbi ya riƙe hannuna ya ce tun da yake bai ga hanci irin wannan ba."

"Hancin gidanmu ne. Ni ma daga nan nake jin ƙamshin tukunyar Desanka."

"Ya isa gaban Janar. Kowa ya yi tsit, ana jiran haushi."

"Sai?"

"Sai ya kaɗa wutsiya."

"Ladabi ke nan. Ai ba a shiga gidan mutum ba sallama."

"Ya lashi kunnensa."

"Zumunci."

"Ya zagaya sau biyu, ya tona ƙasa, ya kwanta ya ɗora kai a kan cikin Janar. Kaka, ya yi barci! Har da minshari!"

Zagorka ta cusa baki a cikin gyalenta, kafaɗunta na rawa, wake na zubewa ƙasa.

"Shi Janar ɗin fa?"

"Ya ɗaga kai ya dube shi, ya dubi alƙalai, ya koma ya kwanta. Alƙali ya rasa abin yi, usur na bakinsa, dariya ta sa yana ta fita da kansa. Sai ni aka ce in shiga in ɗauko kayana. Na yi rarrafe a cikin taɓo ina kiran sunansa a hankali kada in tashi mai gida. Yara na kan waya suna ɗaukar hoto. Da aka gama suka ɗaura min atamfar girki, wai na ƙarshe shi ke juya tukunyar maharba. Ni, da gemuna, na wuni ina juya miya."

"Alhamdu lillahi, ko yanzu ka samu sana'a. Ta yi gishiri?"

"Kaka!"

"To mene ne? Kyan ɗa ya gaji ubansa, kai ka tsallake ka gaji kakanka. Milisav, Allah ya ji ƙansa, tun yana saurayi yake saɓa bindiga har ya tsufa. Abu ɗaya ya taɓa kayarwa, akuyar limamin coci, ita ma a ɗaure take. Ni kuma ina ji ina gani na aure shi, har ina yi wa 'yan mata yanga wai na samu maharbi. Ka ga wauta ba daga nesa ka ɗauko ta ba, ta uwa ta uba ce."

"Ba tarihi na zo ji ba. Tambaya zan yi miki, ki dube ni."

"Ina dubanka. Allah dai ya ba matar da za ta aure ka haƙuri."

"Da zan tafi me na ce miki game da karen nan?"

"Ka ce kada ya shiga ɗaki."

"Ya shiga?"

"Ko ƙafa ɗaya. Na rantse da kabarin akuyar liman."

"Na ce a bar shi a bukkarsa, sanyi shi ke sa kare ya yi zuciya."

"Haka ka ce, daga cikin tirela mai hita."

"To a ina ya yi ta kwana?"

"Ni mai gadinsa ce? Kare baligi, in bi shi in ga inda yake kwana?"

Ana cikin haka Murgo, wanda ya gaji da shari'a, ya zame wuyansa daga igiya. Ya ratsa tsakar gida a guje, ya wuce rumbun masara, ya sa hanci ya ɗaga sakatar ɗakin aladu kamar wanda ya biya haya. Daga ciki Ruja, tsohuwar aladiyar Zagorka, ta yi gurnanin murna irin na uwar da ɗanta ya dawo daga soja. Kafin Obrad ya ƙarasa bakin ƙofa har sun kwanta, kan kare a kan cikin aladiya.

Ya leƙa ciki. Sannan ya juyo a hankali.

"Zagorka."

"Yau kuma da sunana? Sakin aure za a yi?"

"Karen farautar alade kika kwantar da alade hunturu guda!"

"Ka ce kada ya shiga ɗakina. Ka ce kada ya shiga na Ruja? Sanyin bana har ruwan rijiya ya daskare. Na leƙa na ga abin tausayi yana karkarwa kamar kai ranar da za a yi maka allura. Ita kuwa Ruja jikinta murhu ne. Na ce to, ga mai ɗumi, ga mai jin sanyi, ni wace ce da zan raba?"

"Kin san kuɗin da na zuba a karen nan?"

"Ban sani ba, kada ka faɗa min, hawan jinina."

"Kin mai da shi ɗan alade!"

"Zama da maɗaukin kanwa. Ni ma da na zauna da kakanka ai har minsharinsa na koya. Kuma ka gode min. Wa ya koya masa warin alade har ya riga karnukan kowa? Rabin aikin ni na yi. Rabin da ya rage, haushi, naka ne, kai kuma ba ka koya masa ba. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta."

"Tawa ta daɗe da yagewa, a ƙasa nake zama."

Obrad ya ciro waya daga aljihu.

"Shi ke nan. Bari in kira Tihomir ya zo ya ɗauka. Gobe da asuba zan koma aiki."

Hannun Zagorka ya tsaya a cikin kwando. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta yi ta juya ta kamar yau ta fara ganin wake.

"Kira shi mana. Sai dai ka ji tsoron Allah, kada ka cuci bawan Allah. Me zai yi da karen da ɓarawo zai zo ya samu matashin kai?"

"Matsalarsa ce."

"Ga ci. Ya fi ka ci, ka kuwa san ba ƙaramar magana na yi ba."

"Zai rage a kan sarƙa."

"Ga ƙuma. Ga tusa. Ni dai da kai ne, sai in bar shi a inda asirinsa yake rufe. Gidan nan ai dama na marasa amfani ne. Kazar da ta daina ƙwai tana nan. Ruja ta tsufa har wuƙa na jin kunyarta. Ga ni. In ka fara kwashe marasa amfani, da ni za ka fara, kuma Tihomir ba shi da sarƙar da za ta riƙe ni."

"Ke aƙalla kina haushi. Shi fa? Kare ne da ko muryarsa ban sani ba."

"Wa ya ce maka ba ya haushi?"

"Mutum ɗari suka shaida yau."

"Yana yi. Zaɓen alade yake. Sai tsohuwa, mai gashin baki, wadda ta faɗi a kan ƙanƙara."

Obrad ya sauke wayar daga kunnensa.

"Wace ce ta faɗi?"

"Wata sakarya. Bayan Kirsimeti ne. Ta ga gari ya daskare, maimakon ta sa takalmin kirki sai ta fito da silifas, wai ita budurwa, za ta ɗebo itace. Ƙafa ta tafi gabas, ƙugu ya tafi yamma. Ta kwanta a bayan rumbu kamar kunkurun da aka kifar, siket a ka, tana ta harba ƙafa. Ta yi kira, muryar da take taƙama da ita ta ƙi fita. Dusa ta fara rufe ta, har ta fara tunanin wa zai gaji tukwanenta."

"Kaka..."

"Kada ka katse ni, ina zagin wata. Sai ga ɗan aladen naka ya ɓalle sakata ya fito. Ya tsaya a kanta ya buɗe maƙogwaro. Yaro, ƙararrawar coci albarka. Bai yi shiru ba sai da Desanka ta hauro da ɗanta, da sanda a hannu, wai ta ɗauka kerkeci ne ya shigo. Suka tarar da tsohuwar aladiya a tsare, an yi mata haushi yadda doka ta ce. Alƙali ne kawai babu."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce me? In ce amaryarka ta nuna wa duk unguwa ɗan kamfanta na ulu? Sai ka fasa auren."

Ya juya yana kallon ɗakin aladu. Ita kuma ta koma ɓarar wake da ƙarfi, tana jefa ɓawo a cikin ƙwaya, ƙwaya a ƙasa.

Can wayar ta yi magana, ashe kiran ya shiga. Obrad ya mai da ita kunne.

"Tihomir? Ni ne. Batun karen nan, ka yi haƙuri, an riga ka. Wata hamshaƙiyar bazawara ce ta ɗauke shi. A'a, ba za ka iya ja da ita ba. Ni ma ban iya ba."

Ya kashe. Zagorka ta ja hanci ta ce hayaƙin murhun Desanka ne ke shigar mata ido.

"Ni fa ban ce ina so ba."

"Na sani. Dole na yi miki."

"To tun da ka nace. Amma abincinsa a wuyanka."

Ya je mota ya dawo ya zauna kusa da ita a benci, riƙe da wani abin wuya ruwan lemo mai ɗan eriya, irin wanda maharba ke ɗaura wa kare don su riƙa ganin ɗigon da ke nuna inda yake a waya.

"Sharaɗi ɗaya. Miƙo wuyanki."

"Uwaka! Ni za ka sa wa wannan?"

"Daga Ostiriya zan riƙa ganinki. In ɗigon ya tsaya a bayan rumbu, in kira Desanka."

"Shekara nawa ina jiran ka sayo min sarƙar wuya, ashe ta kare ce rabona." Ta karɓa, ta juya shi, ta gwada a wuyanta, ta ga ya yi mata daidai, abin ya ƙara ba ta haushi. Ta cilla masa a cinya. "Je ka ɗaura wa Murgo. Inda yake, nan nake."

"In na ga ɗigon ya kwana a ɗakin aladu fa?"

"Ka duba sanyin ranar tukuna. In ya yi tsanani, kada ka tashe mu, mu uku ne."

Obrad ya fashe da dariya har ya faɗo daga kan benci, ya tashi yana kaɗe wando, ya nufi ɗakin aladu da abin wuyan a hannu.