Ranar da Waƙar Kakana Ta Koma Almakashi da Tarho

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara dattawan gidanmu a gaban kwamfuta don in nuna musu ci-gaba ba. Ci-gaban ya zo kuwa, sai dai ba da kayan da na gayyace shi ba.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne, lokacin da arzikin man fetur ya riga ya koma labarin da manya ke ba yara. Ina koyar da adabi a wata sakandare a Sakkwato, kuma na yi karatu daidai gwargwadon da zai sa mutum ya ɗauka ya san komai (mataki ne mai haɗari: wanda bai karanta ba yana tambaya, wanda ya karanta da yawa yana shiru, na tsakiya shi ke yin jawabi). Makarantarmu tana da kwamfuta ɗaya tal, a hannun abokin aikina Malam Bitrus, malamin lissafi, mutumin Filato amma haifaffen Sakkwato.

Kakana malami ne a Ƙofar Atiku, ya rasu ya bar adaka cike da waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da ajami. Makullin yana wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ba ya barin kowa ya taɓa ta. Takardun kuwa sun fara marmashewa, duk damina sai an rasa wani gefe. Burina shi ne in kwafe su kafin su ƙare. Na yi ta zarya zauren Baffa har ya gaji, ya zaro waƙa guda ya miƙo mini.

"Mai suna," in ji shi (sunan kakan aka sa mini, don haka ba ya faɗin sunana), "in kag gyara wagga, mu ga sauran. In kaɓ ɓata, ka manta da adaka."

Nan na faɗa masa ai zamani ya wuce ɗab'i. Littafi za a zuba a ɗan faifan kwamfuta, duk mai na'ura ya buɗe ya karanta, ko a Kano yake ko a Makka. Baffa ya dube ni yadda ake duban mai tallar maganin da ke warkar da komai.

Saura zaɓen manhajar da za a yi aikin da ita. Akwai wata mai sauƙi, kowace kwamfuta tana da ita, amma ba ta san ajami ba, sai dai a ɗauki hoton shafi a liƙa. Akwai kuma wadda wani abokina ya kawo mini tsaraba daga umara, mai haruffan Larabci masu lanƙwasa kamar an zana da alƙalamin gwani. Kun riga kun san wadda na ɗauka.

"Ta yi kyau," in ji Bitrus da na gama. "Amma ka kai faifan wani wuri ka buɗe tukuna, mu gani."

Na yi masa bayani, cikin haƙurin da ake yi wa ɗalibi, cewa kwamfuta kwamfuta ce, kuma kimiyya ba ta sauya hali daga gida zuwa gida. Ya ce to, ya koma kan makin jarrabawarsa.

Tun da ba a fita da na'urar makaranta, aka shirya taron a gidan surukin Baffa, wani Manjo na soja, wanda ke da kwamfuta a falo an lulluɓe ta da leshi kamar amarya. Bayan la'asar dattawa suka cika falon, har da Liman, aminin Baffa, mutumin da ya shahara da son hatimi da sirrin haruffa. Aka tayar da janareta, aka yi addu'a, na miƙe cikin babbar riga mai sitaci na yi jawabi. Na taɓo tarihin rubutu tun daga allo da tawada. Na ce yau gidanmu zai shiga ƙarni mai zuwa kafin sauran gidaje (Allah ya yafe mini, har hannu na ɗaga).

Na zura faifai. Sunan littafin, da yake da boko na rubuta shi, ya fito tsaf. Aka yi kabbara. Na danna shafi na gaba.

Inda baitin farko ya kamata ya zauna, sai ga almakashi. Kusa da shi tarho. Sai ambulan, sai hannu yana nuni, sai wata fuska tana murmushi, sai jirgin sama, sai bam da lagwaninsa, sai ƙoƙon kan mutum. Haka layi bayan layi, har ƙasan shafi, a jere cikin ladabi kamar baitoci.

Daga baya na gane abin da ya faru. Kyawawan haruffan nan ba su taɓa shiga faifan ba, suna zaune ne a cikin na'urar makaranta. Ta Manjo da ta nema ta rasa, sai ta yi abin da mai masauki ke yi idan baƙo ya nemi abin da babu: ta kawo abin da ke gidan. Amma a lokacin ban san komai ba.

Liman ne ya fara magana. Ya matso har gemunsa na shafar gilashin.

"Tsaya! Kak ka taɓa komi. Wanga hatimi na. Na daɗe ina hwaɗi Malam ya ɓoye wani abu cikin waƙoƙinai." Ya laluba aljihu ya zaro biro, ya fara kwafe almakashin a tafin hannunsa.

To, a nan ne mai hankali zai ce, "Allah gafarta Malam, na'ura ce ta rikice." Ni kuwa, mai digiri a adabi, na gyara hula na ce, "Na'am, akwai alamun haka. Masana na cewa tsofaffin rubuce-rubuce sukan zo da fuska biyu."

Ban san waɗanne masana ba ne. Har yau ina nemansu.

Manjo bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan bam ɗin, ya matsar zuwa jirgin saman. "Malam, wannan faifan hannun wa da wa ya shiga kafin ya zo gidana?" A zamanin nan an kwashi mutane a kan abin da bai kai wannan ba, sai na ji sitacin rigata ya saki.

Sai Baffa ya matso. Ya sa tabarau, ya duba allon a natse daga dama zuwa hagu, yadda ake karanta ajami, sannan ya cire.

"Mai suna, ni dai na zamna da Malam har yar rasu. Ban san shina da tarho ba."

Falon ya fashe. Manjo ya riƙe ciki, Liman ya shiga goge tafinsa a gefen riga yana cewa dama shi ma ya yi shakka. Ni kuwa na faɗi gaskiya a ƙarshe, da muryar da ko ni da ƙyar na ji: ban san abin da ya faru ba, kuma ban gwada a ko'ina ba. Da dariya ta lafa, Baffa ya rufe ido ya rera waƙar da ka, tun daga farko har ƙarshe, babu janareta. Na fita na tabbata ni da adaka sai a lahira.

Washegari Bitrus ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya jawo kujera muka sake aikin. Muka koma wa manhajar nan mai sauƙi da na raina, muka ɗauki hoton shafukan da rubutun kakan kansa, da ɗigon tawadarsa da komai. Na bi gari da faifan kamar mai talla: shagon buga takardu, ofishin wani ɗalibina na dā, gidan duk wanda aka ce yana da na'ura. Ko'ina ya buɗu iri ɗaya. Sai na koma zauren Baffa, ba babbar riga, ba jawabi.

Ya saurare ni har na gama. "Ka kai ma Manjo shi buɗe," in ji shi. "In injin soja ya yarda, ni ma na yarda."

Injin soja ya yarda. Baffa bai ba ni makulli ba, amma ya riƙa zaro mini takardun kaɗan-kaɗan, in na dawo da waɗannan ya ba ni na gaba, har muka ga ƙasan adakar. Yau jikokin Baffa suna karanta waƙoƙin a wayoyinsu, wasu a Dundaye, wasu a ƙasashen da kakan bai taɓa jin sunansu ba.

Har yanzu ina haɗa littattafan da ake karantawa a waya, kuma kafin in saki kowanne sai na buɗe shi a wayar matata, da ta maƙwabci, da mafi tsufar wayar da ke unguwa. Na koyi cewa littafi bai gama zama littafi ba sai ya buɗu a gidan wani. In kuwa ya ƙi buɗuwa, a bar masana su huta, a ce ban sani ba.